Ƙwaya Biyu a Leda Ɗaya: Rayuwa da Ciwon Suga a Ƙasar Gwandu

Da hantsi aka ɗauko Kawu daga gona a kan amalanke. Damina ta yi tsaka, ana maimai, a wani ƙauye da ke gefen Malisa cikin ƙaramar hukumar Gwandu. Yaran da ke gonar maƙwabta ne suka hange shi ya saki hauya, ya dafe kai, ya yi tangaɗi sau biyu, sannan ya durƙushe a tsakanin kunyoyin gero. Kafin a iso da shi gida gumi ya jiƙe masa taguwa sharkaf, hannuwansa na karkarwa, yana magana ba kai ba gindi, har yana kai wa babban ɗansa duka, alhali shi mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Nan da nan zaure ya cika. Wasu suka ce gamo ya yi, wasu suka ce hawan jini ne zai shanye masa ɓarin jiki. Aka ɗebo garwashi, aka fara tofi.

Wata jikar maƙwabcinsa da ke karatun aikin lafiya ta zo hutu, ita ce ta ratsa cikin mata ta sami uwargidansa.

"Inna, ya sha maganinsa yau?"

"Ya sha, bayan asuba."

"Ya karya kumallo?"

"Bai tsaya ba. Ya ce a kai mashi hura gona in rana ta ɗaga."

Yarinyar ta duba ta ga yana iya haɗiya. Ta dama sukari ƙaramin cokali uku a kofin ruwa, ta tallafe kansa ta ba shi kaɗan-kaɗan. Ba a yi minti goma sha biyar ba ya buɗe ido sosai, ya dubi taron da ke kansa, ya tambayi wanda ya kawo shi gida. Mutane suka yi hamdala za su watse, ta ce a'a, a ba shi abinci, kuma a nemo mota a kai shi asibiti a ranar, domin abin na iya dawowa.

Bayan mako guda na je gaishe shi. Na ce, "Kawu, a nuna mini maganin nan." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mini wata 'yar leda da ta sha jiki. A ciki ƙwayoyi ne iri biyu, duka farare, ɗaya babba, ɗaya ƙarama, wasu a cikin katinsu, wasu an ɓare su an zube tare. Na tambaye shi wacce ce wacce. Ya ce, "Duk maganin suga na, ɗan nan." Shekararsa huɗu yana shan su. Da na karanta bayan katin sai na ga babbar metformin ce mai miligiram 500, ƙaramar kuma glibenclamide mai miligiram 5. Ƙaramar nan ce ta kayar da shi a gona, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa: wannan ba a shan ta a fita da ciki wayam.

Tun daga ranar na fara lura da irin wannan leda a gidajenmu. Tana aljihun malamin makaranta, tana cikin kwallar tsohuwa, tana ɗaure a bakin zanen mai tuyar masa. Maganin ya iso ƙauye, wannan gaskiya ne. Abin da bai iso tare da shi ba shi ne bayaninsa: sunansa, aikinsa a jiki, lokacin shansa, da ranar da ya kamata a ajiye shi.

Ciwon da ke shigowa ba sallama

Duk abin da muka ci na hatsi, tuwo ne, fura ce, ko masa, cikinmu na narkar da shi ya koma suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin wanda ke buɗe wa sugan nan ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. A nau'in ciwon da ya fi yawa, wanda ake kira nau'i na biyu, kuma shi ke kan kusan 9 cikin kowane 10 na masu ciwon, jiki kan daina jin maganar insulin, ita ma gaɓar ta gaji a hankali. Sai suga ya taru a jini yana yawo, yana cin jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa sannu-sannu. Mutum na iya shekaru a haka bai sani ba. Wanda ya ci sa'a ne ke ganewa tun daga yawan fitsarin dare, ƙishirwar da randa ba ta kashe ta, rama ba dalili, ko kiyashi da ke taruwa inda ya yi fitsari. Wasu sai ƙaya ta soke su a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa ya zama gyambo, sannan a gwada jini. Ma'aunin da likitoci ke bi a bayyane yake: idan aka gwada mutum da safe bai ci komai ba aka ga 126 ko fiye, aka sake wata rana aka ga haka, to ciwon ya tabbata.

A da ana ce masa ciwon masu kuɗi. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin Farfesa Oladipo Akinkugbe ya sami kashi 2.2 cikin 100. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka fitar da kashi 5.77, wato mutum sama da miliyan 11, yankin Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, a ƙiyasinta na 2021 ta ba Nijeriya manya miliyan 3.6, ta kuma ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Amma alƙaluman da suka fi kusa da mu daga Sakkwato suka fito. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun gwada Fulanin da ke zaune a birni suka sami kashi 4.6, suka gwada na karkara suka sami kashi 0.8. Jini ɗaya, tsatso ɗaya, rayuwa ce ta bambanta.

Yanzu kuwa rayuwar birnin ce ke bin titi tana shiga ƙauye. Tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙasa zuwa kasuwa, babur ya ɗauke ta. Surfe da daka, inji ya karɓa. Mai shayi ya kafa tebur a kowace tasha, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo, alhali kwalba ɗaya ƙarama na ɗauke da sukari ƙaramin cokali 7 zuwa 9. Kebbi kuma jihar shinkafa ce. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Nuwamban 2015, manyan injinan casa suka kafu a Birnin Kebbi da Argungu, farar shinkafa ta zama abincin rana da dare a gidajen da a da sai da salla ake ganin ta. Arziki ne, babu mai musu. Sai dai jikin da ya rage motsi ya ƙara tuwon shinkafa yana da lissafinsa daban.

Mai tsare rumbu da mai bulala

Hanta rumbun jiki ce. Tana ajiye suga, tana sakinsa kaɗan-kaɗan cikin dare da tsakanin abinci don kada mutum ya faɗi. A jikin mai ciwon suga, ƙofar rumbun nan ba ta rufuwa da kyau, shi ya sa za ka ga ya kwana bai ci komai ba amma da safe gwaji ya nuna 200. Babban aikin metformin shi ne ta rage wannan zubar, ta kuma taimaka wa jiki ya riƙa jin insulin ɗin da yake da shi. Ba ta tilasta wa jiki ya fitar da ƙari. Saboda haka idan ita kaɗai mutum ke sha, da wuya ƙwarai sugansa ya faɗi ƙasa har ya suma. Ba ta sa ƙiba, kuma tana cikin mafi araha.

Asalinta ma daga ciyawa ne. A Turai akwai wani tsiro da ake kira Galega, wanda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna ba mai yawan fitsari. Tsiron kansa yana da guba, yakan kashe tumaki idan suka ci da yawa. A 1922 wasu masana biyu a Dublin, Emil Werner da James Bell, suka haɗa metformin a ɗakin gwaji, ta zauna shekaru ba a damu da ita ba, sai a 1957 wani likita a Paris, Jean Sterne, ya gwada ta a kan masu ciwon suga ya sa mata suna Glucophage, wato mai cin suga. Amurka ba ta amince da ita ba sai a ƙarshen 1994, saboda wata 'yar'uwarta da aka janye daga kasuwa a shekarun 1970 ta kashe mutane. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne babban binciken da aka fara a Ingila a 1977 kan mutum sama da 5,000, aka bayyana sakamakonsa a 1998: a cikin masu ƙiba da aka ɗora a kan metformin, mutuwa ta dalilin ciwon suga ta ragu da kashi 42, bugun zuciya ya ragu da kashi 39. Daga nan ta zama ƙwayar farko da ake ba mai nau'i na biyu kusan ko'ina a duniya.

Tana da nata halin. A makonnin farko takan kawo tashin zuciya, kumburin ciki, zawo, wani lokaci ɗanɗanon ƙarfe a baki. A nan ne mutane da yawa ke jefar da ita su ce ba ta karɓe su ba. Da an gaya musu a fara da 500 sau ɗaya, a sha ta tsakiyar cin abinci ko da an gama, a ƙara a hankali mako bayan mako kamar yadda likita ya tsara, da yawancinsu sun wuce wannan gaɓa lafiya. Ƙoda ce ke fitar da ita daga jiki, don haka mai shan ta na bukatar gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ba a ba shi ita. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafe mu kai tsaye a damina: duk ranar da amai da gudawa suka kama mai shan metformin har ruwan jikinsa ya ragu, ya dakatar da ita ya nufi asibiti, ya koma mata bayan ya murmure. Wanda ya shekara da shekaru a kanta kuma sinadarin B12 na iya raguwa a jikinsa, ya riƙa jin ƙafafunsa kamar an yi masa allurar kashe zafi.

Glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, hanyarta daban. Ita mai bulala ce. Takan tsaya a kan fankiriyas ta matsa masa ya fitar da insulin, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma ƙarfinta na iya kai wa yini da kwana. Yadda aka gano danginta ma darasi ne. A 1942, a garin Montpellier na Faransa, Dokta Marcel Janbon na gwada wani magani a kan masu zazzaɓin taifot, sai ya ga wasunsu na jijjiga suna suma, har wasu suka rasu. Da aka bincika, sugansu ne ke faɗuwa. Daga wannan haɗari aka samo dangin maganin, ita glibenclamide ta shigo kasuwa a 1969. Tana sauke suga da sauri, mai ciwo ya ga aiki, ga ta da arha, shi ya sa ta cika kemis-kemis. Amma a jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, gliclazide ce aka fifita daga wannan dangi, aka kuma ce glibenclamide ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Kawu ya ba saba'in baya.

Faɗuwar suga, wato idan gwaji ya nuna ƙasa da 70, tana da alamu da ya kamata kowane gida mai irin wannan leda ya haddace: gumi mai sanyi, karkarwa, bugun ƙirji, yunwa mai tsanani, ruɗewa, faɗa ba dalili, sannan suma. Idan mutum na iya haɗiya, a ba shi sukari ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko dabino uku, ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15, in bai dawo ba a sake, sannan a bi da abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe, a garzaya asibiti inda za a sa masa ruwan suga ta jijiya. A tuna kuma kinin da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana sauke suga, don haka duk asibitin da aka je, a fara da nuna ledar.

"Na ji sauƙi, na ajiye"

Wannan magana na sha jin ta fiye da kowace. Mun saba da maganin zazzaɓi: kwana uku, jiki ya warware, an gama. Ƙwayar suga ba haka take ba. Tana riƙe ciwon ne kamar yadda turke ke riƙe dabba, ranar da aka tumɓuke turken, ranar za ta shiga gona. Mutum zai sha wata biyu, fitsarin dare ya ragu, ƙarfi ya dawo, sai ya ɗauka ya warke. Bayan wata shida ya dawo da ido yana gani dishi-dishi.

Ba zan ɗora wa mutanenmu laifin duka ba, domin sau da yawa aljihu ne ke yanke hukunci. Sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita. An cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ake saye wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, alhali mafi yawan magungunanmu, ko kayan haɗa su, daga Indiya da Sin da Turai ake shigo da su. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da tattara komatsansa, a Nuwamba Sanofi, mai Daonil da Amaryl da wasu alluran insulin, ya ce zai miƙa rarraba kayansa ga wani. Farashi ya tashi. Sai ka ga tsohuwa ta aiki jika kemis da kuɗin ƙwaya biyar, ko magidanci ya raba ƙwaya biyu yana shan rabi, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Ƙara da kuɗin mota: daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne, kuma a can manyan asibitocin suke, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya da aka ɗaga zuwa na koyarwa, sai Cibiyar Lafiya ta Kebbi da ke Kalgo, 'yar tafiya kaɗan kudu da birnin. Wanda lamarinsa ya wuce nan sai Sakkwato.

Inda magani ya yi tsada, nan ɗan jabu ke samun ƙofa. Abin lura ne cewa lokacin da hukumar NAFDAC ta fara tsarin nan na kankare kati a tura lambar ta saƙon waya don tantance magani a 2010, a kan Glucophage aka fara gwada shi, saboda yadda aka addabe shi da jabu. Har yau, wanda ya sayi kwali mai wurin kankarewa ya kankare ya tura. Wanda kuma ake ƙirga masa ƙwaya tsirara a zuba a leda, ba suna ba ranar lalacewa, ba shi da hanyar sanin abin da yake haɗiya.

Akwai wani abin da ba a cika magana a kai ba: haɗin da ake sayarwa na ciwon gaɓoɓi da na ƙiba, irin wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Da yawa a cikinsu akwai dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke hauhawar da suga sosai. Tsohuwa na shan metformin da safe, tana shan haɗin ciwon gwiwa da dare, likita na ƙara mata ƙwaya yana mamakin me ya hana sugan sauka.

Sai batun sassaƙe. Shuwaka, garafuni, darbejiya, maɗaci, hulba, zogale, kowa da wanda aka ba shi labari, kuma imanin da ke ƙasa shi ne ɗaci ke kashe zaƙi. Ban raina tsirrai ba, tunda ita kanta metformin jikar ciyawa ce. Amma abin da ya mai da ciyawar nan magani shi ne awo: an san nawa ke cikin kowace ƙwaya, an san abin da take yi wa ƙoda, an bi dubban mutane shekara ashirin ana dubawa. Jarkar da ake sayarwa a bayan mota da lasifika ba ta da ko ɗaya daga ciki, kuma duk mai cewa zai raba ka da ciwon suga cikin mako uku ka jefar da ƙwayoyinka, cutar ka zai yi. Ƙasar Gwandu ba baƙuwar neman magani da ilimi ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ke kwance a garin Gwandu ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Zogale a kwaɗo abinci ne mai kyau ga mai suga. A ci shi a matsayinsa na abinci, a gaya wa likita duk abin da ake jiƙawa.

Game da abinci kuwa, kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne na alkama. An ce wa mutane su bar shinkafa su koma tuwon alkama, sai magidanci ya sayo gari mai tsada ya tashi da malmala uku yana ganin magani ya ci. Alkama ma suga take komawa. Yawan da aka zuba a kwano shi ne magana. A rage malmala, a yawaita miya da ganye da wake, a sha fura ba sukari, a yi tafiya a ƙasa kullum. Ga mai alwala sau biyar kuma, ga dama nan ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, a goge su bushe, kada a shiga gona ba takalmi.

Idan watan azumi ya kama

Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo a watan Maris, lokacin da zafi a wannan yanki ke kai wa maki 40. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kowane almajiri ya san haka, amma zuciyar dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa ba ta karɓar wannan da sauƙi, kuma ina ganin ya kamata a girmama hakan a yi masa bayani. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 kan azumin 2001, a kan mutum sama da 12,000, ya gano kashi 79 na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka a cikinsu sau bakwai da rabi. Shi ya sa IDF da ƙungiyar likitocin da ke nazarin ciwon suga da Ramadan suka fitar da jagora a 2016, da amincewar Muftin Masar, suka sabunta ta a 2021.

Abin da ke ciki ba mai wuya ba ne. A ga likita tun watan Rajab ko farkon Sha'aban a tsara. Mai shan metformin sau ɗaya ya sha da buɗa baki, mai sau biyu ya sha da buɗa baki da sahur. Mai glibenclamide a nemi a canza masa da wadda ta fi sauƙin haɗari, kuma a rage ta sahur. Tsaga yatsa a gwada suga ba ya karya azumi. Idan gwaji ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko alamun faɗuwa suka bayyana, a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da wanda ya suma a watannin baya, shawarar likitoci ita ce kada su ɗauka. Da limaman Juma'a a Malisa da Dalijan da Kambaza za su faɗi waɗannan jimloli a huɗubar Sha'aban, da sun kai inda babu ma'aikacin lafiyar da zai kai.

Inda ƙwaya ta tsaya

Ciwon suga mai tafiya ne. Binciken nan na Ingila ya nuna bayan shekara 3 kusan rabin masu ciwon na bukatar magani fiye da ɗaya, bayan shekara 9 kuma kusan kashi 75. Don haka idan likita ya ƙara ƙwaya, ko ya ce lokacin allurar insulin ya yi, ba alamar ajali ba ce kamar yadda ake tsorata juna, kuma ba gazawar mai ciwon ba ce. Akwai sababbin ƙwayoyi irin su sitagliptin, da empagliflozin wadda ke zubar da suga ta fitsari tana kuma kare zuciya da ƙoda, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerinta a 2021, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin manoma. Yaro ko matashin da ya rame cikin 'yan makonni, yana kwankwaɗar ruwa yana fitsari, mai yiwuwa nau'i na ɗaya ne gare shi, wanda jikinsa ya daina yin insulin gaba ɗaya. Shi babu ƙwayar da za ta yi masa aiki. Tun 1922 da aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a Toronto, ita ce rayuwarsa, kuma duk kwanan da aka ɓata ana gwada ƙwaya ko jiƙo, da ransa ake wasa.

Abin da ƙauyukanmu ke nema bai fi ƙarfin gwamnati ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware asusun kula da lafiya a matakin farko, da niyyar a sami aƙalla cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, Malisa kuma ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Gwandu. Jihar na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, kuma babu inda ya fi cancantar wannan kuɗi kamar nan. Na'urar gwajin suga da tsinkenta da ba sa yankewa, metformin da gliclazide na gaske a farashi mai sauƙi, gwajin ƙoda sau ɗaya a shekara, da ma'aikacin da zai ba kowane sabon mai ciwo minti goma ya yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci. Masu kemis ma a koya musu, tunda su ne ƙofar farko da talaka ke ƙwanƙwasawa.

Kawu dai likita ya cire masa glibenclamide, ya sa masa gliclazide, ya bar masa metformin bayan an gwada ƙodarsa. Yarinyar nan ta samo 'yan robobi biyu, ta raba masa ƙwayoyin, ta faɗa masa sunayen, shi kuma ya rubuta su da ajami da hannunsa a jikin takarda ya cusa a aljihun gaba, tare da dabino uku ƙulle a leda. Yanzu ba ya taɓa gliclazide ɗin sai kokon safe na gabansa. Ranar da na koma, na tarar da shi a zaure yana ɗaura wa jikansa buhun wake a bayan babur. Rabin kuɗin waken na maganin wata biyu ne, sauran na motar zuwa Birnin Kebbi ranar da aka rubuta masa a kati.